Aikin da Ba Ya Shiga Sanarwar Coci

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni gwauruwa ce, na haura shekara hamsin, ina zaune a birnin Kano, kuma sana'ata ɗinki. Na daɗe ina jin nauyin ba da wannan shaida, domin yawancin shaidun da ake bayarwa a majami'a na waɗanda Allah ya warkar ne, ko ya buɗe musu hanyar aiki, ko ya ba su haihuwa bayan dogon jira. Ni kuwa mijina ya kwanta ciwo shekaru, bai warke ba har Ubangiji ya kira shi gida. Duk da haka ina da abin faɗa game da amincin Allah, kuma ina rubutawa musamman saboda waɗanda a yanzu haka suke cikin ɗaki tare da mara lafiya, suna ganin kamar duniya da ikilisiya sun ci gaba da tafiya sun bar su a baya.

An haife ni a wani ƙauye a kudancin Kano, wajen Sumaila, cikin zuriyar Maguzawa. Bishara ta shigo gidanmu ta hanyar ciwon ido. Kakata ta wajen uba ta yi fama da yanar ido har ta daina gani, sai mahaifina, yana saurayi a lokacin, ya rako ta Asibitin Ido na Kano, wanda mishan ɗin SIM ta buɗe a shekarar 1943, yanzu kuma yake hannun ikilisiyar ECWA. An yi mata aiki ta sake gani. Amma duk lokacin da mahaifina yake ba mu labarin, ba ya daɗewa a kan likita, sai ya koma kan wani ma'aikaci da yake riƙe hannun tsohuwar ya kai ta makewayi a kwanakin da idonta yake ɗaure, ya tsaya ya jira ta, ya komo da ita, ba tare da ya taɓa ɓata fuska ba. Mahaifina bai riƙe sunan mutumin ba, amma saboda shi ya zauna ya saurari wa'azi, daga baya ya koyi karatu domin ya karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara bugawa gaba ɗaya da Hausa a 1932. Mahaifina bai zama fasto ko mai bishara ba. Shi ne dai yake buga ƙarfen kiran addu'ar asuba, shi ne kuma yake kwaɓa ƙasa ya yaɓe bangon majami'ar ƙauyenmu kowace shekara kafin ruwa ya sauka.

Na yi aure a 1989 na biyo mijina Kano. Yana aiki a wata masaƙa a Sharaɗa, wani mako aikin safe, wani mako aikin dare, muna haya a ciki da falo a unguwar Brigade. Allah ya ba mu 'ya'ya huɗu. Mun ga tashin hankalin watan Oktoba na 1991, wanda ya ɓarke a kan zuwan mai wa'azin nan Bajamushe Reinhard Bonnke, kuma muka ga yadda wasu iyalai suka tattara kayansu suka bar garin, amma mu da yake nan ce jiharmu ta haihuwa ba mu da wani wurin da za mu kira gida. A cocinmu na Hausa na shiga Zumuntar Mata, kuma da yake Allah ya ba ni murya, ba a daɗe ba aka sa ni ba da waƙa. Ina son wannan hidima da dukan zuciyata. Idan muka ɗaura zanen zumunta muka jeru, mai buga tulu ta fara, na ɗaga murya mata suka amsa, nakan ji cewa abin da aka halicce ni domin in yi ke nan. Mun je tarurruka a garuruwa da dama, kuma a ko'ina an san ni da waƙa.

Abubuwa sun fara sauyawa sa'ad da masaƙun Kano suka shiga durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, saboda rashin wutar lantarki da tsadar man injin da kuma atamfa mai araha da take shigowa daga Sin ta cika Kantin Kwari. Masaƙar da mijina yake aiki ta rufe, aka sallame su da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Da shi ya sayi babur ya shiga acaɓa, mutumin da ya yi shekaru yana kula da injin saƙa ya koma yini cikin rana da ƙura. Bai taɓa yin gunaguni a gabanmu ba. Bayan hare-haren 20 ga Janairu 2012 garin ya cika da shingayen bincike, masu babur suna sauka suna turawa, ciniki ya ragu ƙwarai. A Janairun 2013 kuma, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa a cikin birni. Daga nan sai ya zama yau ya samu ɗan aikin gini, gobe babu, keken ɗinkina ne yake riƙe da tukunyar gidan. Yakan yi kukan ciwon kai a ƙeya, mu kuma muna ɗauka gajiya ce da tunani.

Da hunturun ƙarshen 2013, wata safiya yana shan koko, sai kofin ya suɓuce daga hannunsa na dama. Na dube shi na ga bakinsa ya karkace, yana ƙoƙarin kiran sunana amma kalmar ta ƙi fita. Wani maƙwabcinmu mai adaidaita sahu ya kai mu asibiti. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma hawan jini ne ya jawo ta, ya daɗe yana ɓarna a ɓoye har ya taɓa jijiyar jini a ƙwaƙwalwa. Ya bayyana mini cewa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ne yake sarrafa ɓarin dama na jiki, kuma a wurin yawancin mutane nan ne magana take, shi ya sa hannu da ƙafa da harshe suka tafi tare. A nan ina so in roƙi duk mai karanta wannan, musamman maza da suka wuce shekara arba'in, su riƙa zuwa awon jini ko da suna jin ƙarfi, domin hawan jini yakan daɗe a jiki ba tare da alama ba, kuma wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina sha don ya ji sauƙi. Wasu dangi sun ce jifa ne, wasu suka ce iska ce ta buge shi, har aka kawo mana layu da turare, na karɓe su da ladabi na ce mun gode, amma za mu tsaya ga addu'a da maganin asibiti.

A watannin farko gidanmu bai rabu da baƙi ba. Mata sun zo rukuni rukuni da kwanukan abinci, matasa suka zo suka yi waƙa, dattawa suka ɗora masa hannu, aka tara baikon kuɗi na musamman a coci dominmu. Ba zan manta da wannan alheri ba. Amma ciwon da ya daɗe yakan gajiyar da masu dubiya, kuma ba na zargin kowa, domin kowa yana da nasa nauyin, ga shi a shekarun nan mutane suna tsoron yawo a gari bayan bom ɗin tashar motar New Road a Sabon Gari. A hankali ƙafa ta ɗauke. Sunan mijina ya zauna a jerin marasa lafiya da ake karantawa ranar Lahadi har ya zama kamar wani ɓangare na tsarin sujada, daga baya sababbin sunaye suka hau kansa.

Bari in faɗi yadda yini yake a ɗakin jinya, domin wanda bai yi ba bai sani ba. Tun kafin kiran sallar asuba daga masallacin layinmu nakan tashi in hura gawayi in ɗora ruwa. Sai in cire zanen da ya ɓaci da ledar da ke ƙarƙashinsa, in goge masa jiki da tsumma mai ɗumi, in bi bayansa da ƙugunsa da diddigensa ina dubawa ko fata ta yi ja, domin daga nan gyambon kwanciya yake farawa, kuma idan ya buɗe da wuya ya rufe. Ma'aikaciyar jinya ta koya mini in riƙa juya shi kowace awa biyu, dare da rana, in sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, in tallafe hannun da ya shanye kada nauyinsa ya ja kafaɗa. Ba a ba shi abinci yana kwance. Sai na zaunar da shi sosai na jingina shi da bango, sa'an nan in ba shi kunun gyaɗa mai ɗan kauri cokali cokali, in jira ya haɗiye kafin in ƙara, saboda ruwa tsararo yana sa shi ya ƙware, kuma abin da ya bi ta hanyar numfashi yana iya zama ciwon huhu. Kofi ɗaya yakan ɗauke mu fiye da rabin awa. Na rage gishiri da magi a miyar gidan gaba ɗaya, yara suka yi ƙorafi har suka saba. Bayan haka sai motsa gaɓoɓi kamar yadda aka nuna mana a sashen gashi, yatsa bayan yatsa, gwiwar hannu, kafaɗa, idon sawu, domin kada su sandare. Sai wanki, wanda ba ya ƙarewa. Tsakanin waɗannan nake hawa keke in yi ɗinkin mutane, da dare kuma ga fo, ga juyi, ga sauro.

Abin da ya fi yi mini zafi shi ne safiyar Lahadi. Yara sukan shirya su tafi, ni kuma in zauna, domin ba a barinsa shi kaɗai. Na je wurin shugabar zumunta na ce a ba wata ba da waƙa, kuma yarinyar da aka ba ta iya ƙwarai, ni ce ma na koya mata. Zanen zumuntata na ninke na sa a ƙasan akwati. A cikin shekara ta biyu 'yan'uwan mijina suka zo da shawarar a mai da shi ƙauye, mata su riƙa karɓa-karɓa wajen kula da shi, ni kuma in samu in nemi kuɗin makarantar yara. Shawarar ba ta mugunta ba ce, kuma na kwana biyu ina juya ta a raina, domin gajiyar da nake ciki ta kai inda nakan yi gyangyaɗi a kan keke. Amma na san a ƙauye babu mai auna masa jini, babu mai juya shi cikin dare, na kuma tuna alkawarin da na yi a gaban Allah da jama'a cewa zan zauna da shi cikin lafiya da cikin ciwo. Na ce wa babban wansa, "Baba, ku yi haƙuri ku bar mini shi. Idan na kasa, ni da kaina zan aiko muku." Mijina yana jin mu daga ciki, kuma da na shiga na tarar hawaye ya gangara har cikin kunnensa.

Ba zan ɓoye ba, akwai daren da na zauna a bakin ƙofa na tambayi Ubangiji ko ya manta da ni. Na ce masa ya ba ni murya, na yi masa hidima da ita a gaban ɗaruruwan mutane, yanzu kuma ga ni ina wanke zannuwa a bayan gida, babu wanda rayuwarsa take sauyawa saboda abin da nake yi. Addu'ata ta ragu ta koma kalmomi kaɗan. A lokacin ne na gano Zabura ta 88, wadda take kuka tun daga farko har ƙarshe ba tare da ta juya ga murna ba, kuma na yi mamakin cewa Allah ya yarda irin wannan addu'a ta zauna a cikin Littafinsa. Ta zama tawa na tsawon lokaci.

Taimakon da Allah ya aiko mini ya zo ta hannun wata tsohuwa da na yi shekaru ina wucewa a harabar coci ba tare da na san komai game da ita ba, ban da gaisuwa. Gwauruwa ce, mijinta tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ba ta iya karatu ba, kuma kullum tana zama a bencin baya kusa da ƙofa. Wata Alhamis ta yi sallama ta shigo da sabulu a ƙulle a bakin zanenta, ta gaishe da mai gida, ta dubi tulin wanki, ta jawo baho ta zauna. Na ce, "Haba Mama, ki bari, ai ni ya kamata in yi miki." Ta ce, "'Yata, shiga ki kwanta. Na yi jinyar nawa mijin, na san abin da kike bukata barci ne, ba wa'azi ba." Na kwanta na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. Da na tashi ta shanya komai ta tafi. Alhamis ta gaba ta komo, haka ta gaba da ita, kuma ta ci gaba da zuwa shekara da shekaru, da zafi da damina, tana hawa adaidaita sahu da kuɗin da take samu daga sayar da gyaɗa. Daga baya ta ce ranar Lahadi ɗaya a wata za ta zauna da shi in je sujada.

Ba mai yawan magana ba ce, amma wata rana muna matse bargo tare na faɗa mata abin da yake damuna, cewa na zama ba ni da amfani a aikin Ubangiji. Ta tsaya ta dube ni ta ce, "Wanda yake kwance a ɗakin nan, ba na Yesu ba ne?" Na ce nasa ne. Ta ce, "To, wa kike yi wa wanka kowace safiya?" Ba ta ƙara ba, ta koma kan bargonta. Na san ayar da take nufi a Matiyu sura 25, inda Ubangiji ya ce abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwansa shi aka yi wa, na ma sha rera ta a waƙa. Amma ban taɓa tunanin cewa ta shafi mijina ba, na ɗauka maganar baƙi ce da fursunoni da mutanen nesa. Gajiyar ba ta ragu ba daga ranar, wankin ma bai ragu ba, sai dai na daina jin cewa an cire ni daga hidima.

Da idona ya buɗe sai na fara lura da wasu da suke ɗauke da mu a ɓoye. Akwai wani dattijon ikilisiya da yake rako fasto kowane wata su kawo mana Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Almasihu, kuma sai bayan shekaru na gane shi ne yake zuwa wurin mai kemis ya rage mana bashin magani. Akwai mai askin bakin titi da yake shigowa ya yi wa mai gida aski a kan gado. Ba zan bar maƙwabtanmu Musulmi a baya ba, domin gaskiya ta wajaba a faɗe ta. Hajiyar da muke katanga ɗaya takan aiko da kunu da ƙosai duk watan azumi, idan kuma ta ji motsi cikin dare sai ta ɗaga murya ta tambaya ko lafiya. Ɗan garuwan layinmu yakan sauke mana jarka biyu daga kurarsa ya ce a bar kuɗin sai an samu, ya kuma san sarai ba kullum ake samu ba.

Tsohuwar nan ta rasu a 2018 bayan gajeriyar rashin lafiya. Da aka zo rubuta tarihinta domin jana'iza sai aka rasa abin rubutawa, domin ba ta taɓa riƙe muƙami ba, ba ta cikin kowane kwamiti, tarihin bai cika rabin shafi ba. Amma ranar Lahadin jibi ta farko bayan rasuwarta, da aka buɗe kabad aka tarar ƙananan kofunan nan ba a wanke ba, kyallen teburin ma ba a goge ba. Aka shiga tambayar wane ne yake yin wannan aiki, sai mai gadi ya ce ai Mama ce, tun kafin a ɗauke shi aiki take zuwa ranar Asabar da yamma ta yi. Daga baya wasu mata biyu suka faɗa mini cewa su ma tana zuwa gidajensu, ɗaya ranar Talata, ɗaya ranar Juma'a, kuma kowaccenmu ta ɗauka ita kaɗai ake yi wa.

Tun daga lokacin nake karanta Littafi Mai Tsarki da wani ido dabam. Ubangijinmu ya fara hidimarsa a fili yana da shekara wajen talatin, kafin nan kuwa mutanen Nazarat sun san shi a matsayin masassaƙi ne kawai, kuma waɗannan shekaru ma biyayya ce ga Uban. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka tashi zaɓen mutum bakwai da za su kula da rabon abinci ga gwauraye, an nemi masu cike da Ruhu da hikima, ba a ce aikin tebur ne kowa ma ya yi ba. Tabita ta Yafa, wadda ni mai ɗinki nake ji da ita, ba a rubuta mana ko kalma ɗaya da ta faɗa ba, gwauraye ne suka nuna wa Bitrus rigunan da ta ɗinka. Ina ganin mu a ikilisiyoyinmu na yau mun karkata da yawa ga abin da ake gani. Idan za a yi taron neman gudummawa, a kira babban baƙo, a faɗi adadin da ya bayar a lasifika, a manna sunansa a bango, amma mai share harabar da aka yi taron ko ruwa ba a tuna a ba shi ba. Ba na cewa a daina girmama masu bayarwa, domin da kuɗinsu aka yi rufin da muke zama a ƙarƙashinsa. Ina dai cewa yaranmu suna kallo, kuma suna koyon abin da muke tafa wa hannu, alhali Ubangiji ya ce Uban da yake gani a ɓoye shi ne mai sakamako.

Mijina ma yana da tasa hidimar a kan gadon nan, kuma ba na so a ɗauka shi mai karɓa ne kawai. Maganarsa ba ta komo ba sai kalmomi kaɗan, amma abin mamaki idan na fara waƙar da ya sani tun yana yaro sai ya bi ni da kalmominta daidai. Likita ya ce ana ganin haka ga wasu masu irin ciwonsa, domin waƙa ba hanya ɗaya take bi da magana a ƙwaƙwalwa ba. Saboda haka kowane maraice mukan yi waƙa biyu ko uku daga littafin waƙoƙi, ni da shi, yara suna amsawa idan suna nan. Da hannunsa na hagu yakan ɓare mini gyaɗa, ya riƙe mini bakin yadi idan ina yanka. Idan na ambaci sunayen mutanen da suke cikin damuwa yakan rufe ido, leɓɓansa suna motsi, ba ya buɗewa sai ya gama. Daga cikin 'yan kalmomin da suka rage masa akwai "na gode", kuma bai taɓa barin in ɗauke fo ba tare da ya faɗa ba, ko da ƙarfe uku na dare ne.

A watan Afrilun 2020 aka sa dokar kulle a Kano saboda cutar korona, aka rufe masallatai da majami'u, kowa ya koma yin sujada a ɗakinsa kamar yadda muka daɗe muna yi. Lokacin ya yi mana tsanani, ɗinki ya tsaya, magani ya yi wuyar samu, ga labarin mace-macen tsofaffi a gari yana ta zuwa. Allah ya tsare mu. Amma jikinsa ya ci gaba da raguwa, kuma da daminar 2021 ciwon ya sake bugunsa, ya kwana kaɗan a asibiti ya huta. Muka kai shi ƙauye muka binne shi kusa da iyayensa. Wata ma'aikaciyar jinya da ta taimaka wajen shirya shi ta tambaye ni shekara nawa ya yi a kwance, da na faɗa mata sai ta ce ba ta ga gyambo ko ɗaya a bayansa ba. Na riƙe wannan magana, domin ita ce kaɗai takardar shaidar da na samu a kan aikin waɗannan shekaru, kuma ta ishe ni.

Bayan an watse daga zaman makoki sai na rasa abin da zan yi da kaina. Jikina ya ci gaba da tashina kowace awa biyu, in miƙa hannu in tarar babu wanda zan juya. Mata suka ce in komo in karɓi waƙa, na kuwa koma zumunta, ina amsawa daga cikin layi da farin ciki, amma na bar ba da waƙa ga waɗanda suke yi. Abin da zuciyata ta karkata gare shi dabam ne. Duk wanda ya taɓa kwana a asibitocinmu ya san cewa ma'aikata ba su isa ba, kuma mai jinya ne yake sayo magani, ya kawo abinci, ya yi wanki, ya kai fo. Wanda aka kawo daga nesa ko aka tsinto a hanya ba shi da kowa, yakan yini da ƙishirwa kofi yana kusa da shi. Na nemi izini a wani asibiti, na fara zuwa ɗakin mata ranar Alhamis da fulas ɗin kunu da sabulu da tsofaffin zannuwa da na wanke na goge. Ina yi musu wanka, in tsefe musu kai, in yanke farce, in nuna wa 'yan mata masu jinyar iyayensu yadda ake juya mutum ba tare da an ja masa kafaɗa ba. Yawancin waɗanda nake tararwa Musulmi ne, ba na kuma tilasta wa kowa sauraron wa'azi. Wadda ta tambaye ni dalili nakan faɗa mata saboda Yesu nake yi, wadda ta yarda in yi mata addu'a in yi, wadda ba ta so in yi mata a zuciyata a hanyar gida.

Yanzu mu uku ne, ni da matan nan biyu da Mama take zuwa gidajensu. Kuɗin mota ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023, saboda haka wani mako ɗayanmu ce kawai take iya zuwa, sauran su haɗa mata abin da za ta kai. Ni ma an same ni da hawan jini, ina shan maganina kullum, 'yata ta fari tana auna ni duk ƙarshen mako. Babbar damuwarmu ita ce ɗakin maza. A can ma akwai waɗanda ba su da kowa, tsofaffi da 'yan ci-rani da waɗanda suka yi haɗari, kuma mu mata ba zai yiwu mu yi musu wanka ko mu sauya musu tufafi ba. Mun kai maganar gaban dattawa, mutum ɗaya ya fara zuwa ranar Asabar, ɗan fansho ne mai ciwon gwiwa, kuma shi kaɗai ba ya iya ɗaga babban mutum. Muna roƙon ku taya mu addu'a Ubangiji ya ba mu ko da maza biyu masu ƙarfi da za su riƙa raka shi.